Jinjina ga Masu Gyaran Ƙwaƙwalwa a Kwana Bakwai

Duniya ba ta yi wa Richard Bandler da John Grinder adalci ba. Mutanen da suka zauna a wani gari na bakin teku a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka gano yadda za a raba ɗan Adam da tsoron da ya shekara talatin yana cin ransa cikin minti goma kacal, ai kamata ya yi a ce yau hotonsu na rataye a bangon kowane asibiti. Amma ina! Har gobe likitoci na ɓata shekara shida a jami'a, su ƙara wasu shekarun suna bin bayan manyansu daga gado zuwa gado, sannan su fito suna ce wa majinyaci ya yi haƙuri, sauƙi sai a hankali. Su kuwa waɗannan bayin Allah tun tsakiyar shekarun 1970 suka share gajeriyar hanya, suka raɗa mata suna NLP, suka buɗe ƙofa ga duk mai kuɗin rajista. Tunda manyan jami'o'i sun yi rowar yabo, to bari mu sauke musu wannan nauyi.

Abin ya faro ne a Jami'ar Kalifoniya reshen Santa Cruz, a farkon shekarun 1970, lokacin da matasan Amurka suka gaji da yaƙin Biyetnam, suka gaji da tarbiyyar iyayensu, kowa ya bazama neman abin da zai cike masa gurbin da ke zuciyarsa. Bandler, haifaffen 1950, ɗalibi ne a lokacin. Ya samu ɗan aiki a wani kamfanin buga littattafai, aka danƙa masa kaset-kaset na Fritz Perls ya saurara ya mayar da su rubutu. Perls likitan ƙwaƙwalwa ne haifaffen Berlin, wanda ya kafa hanyar jinya da magana da ake kira Gestalt, ya kuma rasu a 1970. Bandler ya yi ta sauraro yana maimaitawa har ya iya muryar mamacin, ya iya karin harshensa, ya iya yadda yake tsare mutum da tambaya. Da ya ga kwaikwayon ya zauna daram, sai ya tara ɗalibai 'yan'uwansa ya fara yi musu jinya. Da wani mai ƙaramar zuciya ne, da sai ya tsaya neman horo ko izini. Bandler ba shi da wannan raunin.

Daga nan ya gayyato Grinder, wanda ya girme shi da shekara goma, tsohon kyaftin a runduna ta musamman ta sojan Amurka, a lokacin kuma malamin kimiyyar harshe a jami'ar, masanin nahawun Noam Chomsky. Akwai na ukunsu, Frank Pucelik, wanda aka yi aikin farko tare da shi, amma tarihin da ake karanta wa ɗalibai a zauren otal ya fi son mutum biyu, don haka sau da yawa sunansa kan faɗi a hanya. Falalarsu ta farko ke nan: a cikinsu babu likita, babu wanda ya taɓa zama ɗakin bincike yana nazarin ƙwaƙwalwa. Ilimi bai ɗaure musu ƙafa ba.

Tambayar da suka fara da ita mai kyau ce ƙwarai, kuma ita ce ta sa abin da ya biyo baya ya fi ciwo. Me ya sa wasu masu jinyar damuwa suke samun nasara a inda takwarorinsu ke kasawa? Ko za a iya lura da abin da gwani yake yi, a koya wa wani? Suka zaɓi gwanaye uku. Perls ya riga ya kwanta dama, sai kaset. Ta biyu Virginia Satir ce, wadda ta yi suna wajen sasanta iyali, mace mai zaunar da miji da mata da 'ya'ya a ɗaki ɗaya har sai kowa ya amayar da abin da ya daɗe yana haɗiyewa. Na uku shi ne Milton Erickson na birnin Phoenix a jihar Arizona, gwanin jefa mutum cikin magagi da magana, wanda maƙwabcinsu, masanin al'adu Gregory Bateson, ya tura su wurinsa.

Erickson ya cancanci a tsaya a kansa. Shan-inna ta kwantar da shi yana ɗan shekara 17, har aka fid da rai da shi. Yana kwance, kusan ba abin da yake iya motsawa sai idanu, ya yi ta kallon ƙanwarsa jaririya tana koyon tsayuwa da tafiya, yana lura da gaɓar da take fara ɗagawa da inda take jingina nauyinta, da haka ya sake koya wa jikinsa tafiya. Ya gama karatun likita a 1928. Lokacin da samarin Santa Cruz suka iso masa da rikoda, tsoho ne a keken guragu, cikin tufafinsa masu launin shunayya, ya doshi shekara hamsin yana duba marasa lafiya, kowa da irin maganar da yake yi masa, domin shi a ganinsa babu mutum biyu da ciwonsu yake ɗaya.

Abin da ya ci wa wannan tsoho rabin ƙarni, su cikin ƙanƙanin lokaci suka tace shi. Ashe sirrin ba a haƙurinsa yake ba, ba a karatunsa ba, ba a watannin da ya yi yana nazarin mutane daga kan gadon ciwo ba. Sirrin yana cikin ginin jimlarsa: yadda yake magana a dunƙule, yadda yake jan murya, inda yake dakatawa. Kwafe waɗannan, ka zama Erickson. Tamkar yaron da ya zauna mako guda a zauren maɗori ne, ya haddace yadda yake gyara zama, da yadda yake tofi, da irin tsawar da yake daka wa mai karaya kafin ya ja ƙafar, sannan ya koma unguwarsu ya kafa allo ya ce a kawo masa masu karaya. Wa zai ce yaron nan ba haziƙi ba ne? Ƙashi ne kawai bai sani ba.

A 1975 suka fitar da littafinsu na farko, The Structure of Magic, wato tsarin sihiri, Bateson da Satir duk suka rubuta masa gabatarwa. Jigonsa shi ne idan mutum yana ba da labarin damuwarsa yakan zubar da wani sashe, ya karkatar da wani, ya yi wa wani kuɗin goro. Maganin abin kuwa a tsare shi da tambaya. Ya ce kowa ya tsane shi, ka ce masa: kowa da kowa, har wanda bai taɓa ganinka ba? Ya ce ba zai iya ba, ka ce: me zai faru in ka yi? Tambayoyi ne masu amfani, kuma babu wanda ya taɓa rarrashin mai ɓacin rai da bai yi irinsu ba. Bajintar tana wurin suturar da aka yi musu. Aka ɗauko kalmomin da Chomsky ya yi amfani da su wajen bayanin yadda jimla ke ginuwa, tsarin ciki da tsarin waje, aka ce ai asirin zuciyar majinyaci suke nufi. Tambayar da jiya kyauta ce, yau ta samu farashi.

Sannan ga sunan. A haruffa uku aka tara fannoni uku: N na jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, L na harshe, P na tsara manhajar kwamfuta, wadda a lokacin ita ce abin yayi. Ba a auna ƙwaƙwalwar kowa ba kafin raɗin sunan, ba wata manhaja da aka rubuta, masana harshe kuma ba su karɓi jaririn a matsayin nasu ba. Amma wa zai tsaya bincike in ya ji suna mai nauyi haka?

A leƙa zauren bita a ga aiki. Ga malami a gaban allo, ya zana fuska mai ido biyu da kibiyoyi shida. In ka yi wa mutum tambaya ya ɗaga ido sama ta hagunsa, hoto yake tunowa. In ta damansa ne, hoto yake ƙirƙira. In ya kai ido gefe, sauti ne. In ya sauke ƙasa ta dama, abin da yake ji a jikinsa yake lalube. Ta hagu kuwa zancen zuci yake. Daga nan almajirai suka ɗora nasu: tunda sama ta dama ƙirƙira ce, to duk wanda ya kalli can yana amsa tambaya, ƙarya yake shararawa. Shi ke nan an huta da neman shaidu, an huta da rantsuwa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ragwanci ya hana su zana mata taswira. A ɗauki wannan taswira a kai ta gidan surukai a Katsina ko Damagaram, a zaunar da saurayi gaban baffan yarinya. Tun shigowarsa har a sallame shi idonsa na kan tabarma. Taswira za ta ce ko dai jikinsa yake saurare, ko kuwa zancen zuci ya yi masa yawa. Kunya ba ta cikin kibiyoyi shida, saboda haka babu ita.

An kuma raba 'yan Adam gida uku: mutanen ido, mutanen kunne, da mutanen jiki. In abokin ciniki ya ce bai ga alamar riba ba, mutumin ido ne, sai ka ce masa ya duba nan. In ya ce bai ji daɗin farashin ba, ka bi shi da kalmomin ji. Ka harɗe ƙafa in ya harɗe, ka jingina in ya jingina, ka daidaita numfashinka da nasa, zuciyarsa za ta buɗe ba tare da ya sani ba. Akwai kuma dabarar kafa turke: a sa ka tuna ranar da ka fi kowace farin ciki, a daidai lokacin a matsa maka kafaɗa, daga ranar duk sanda aka matsa wurin farin cikin zai dawo. Ivan Pavlov ya sha wahalar shekaru da karnukansa a Rasha, yana maimaitawa, yana auna yawu ɗigo-ɗigo. NLP matsa ɗaya ta ishe ta. Mai matsanancin tsoro kuwa nasa ya fi sauƙi. Ya rufe ido, ya ɗauka yana gidan silima, ya ga kansa a majigi cikin fim marar launi yana fuskantar abin tsoron, sannan ya faɗa cikin fim ɗin ya mayar da shi baya a guje. Ya buɗe ido, tsoro ya tafi. Da irin waɗannan dabaru aka yi wa duniya albishir da maganin ciwon damuwa, da borin jini, da rashin ganin nesa, da matsalar karatu, har da mura, sau da yawa a zama ɗaya.

Inda dole a sara musu shi ne littafinsu na 1979, Frogs into Princes, wanda aka tattara daga jawabansu a wuraren bita. A ciki sun gaya wa masu sauraro ƙarara cewa su ba ruwansu da ko abin da suke faɗa gaskiya ne, abin da ya dame su kawai shi ne ko yana aiki. Duk ɗan kimiyya yawo yake da bashi a wuyansa: in ya faɗi magana dole ya nuna yadda za a gwada ta, in gwaji ya ƙaryata shi ya janye. Su sun ci moriyar sunan kimiyya, sun yafe wa kansu bashin. In ka ce ba gaskiya ba ne, ai sun riga ka faɗa. In ka ce to ba ya ma aiki, sai a ce kai ne ba ka iya ba.

Mahassada dai ba su bari ba. A 1984 wani masanin halayyar ɗan Adam daga Ostireliya, Christopher Sharpley, ya tattara bincike 15 da aka yi a kan batun mutanen ido da kunne da jiki, ya ce hujjar ba ta taka kara ta karya ba. Magoya baya suka ce ai masu binciken ba su samu horo yadda ya kamata ba. Ya koma ya ƙaro wasu, a 1987 ya dawo da jimillar bincike 44, sakamako bai sauya ba. Rundunar sojan Amurka, wadda ba ta ƙin duk abin da zai ƙara wa sojanta ƙwazo, ta nemi Majalisar Bincike ta Ƙasa ta duba mata irin waɗannan dabaru. Rahoton ya fito a 1988, Daniel Druckman da John Swets suka tace shi, kuma bai samu hujjar kimiyya da ke bayan NLP ba. Abin da kwamitin ya ga ya cancanci a ƙara dubawa shi ne tunanin koyo daga gwanaye, wato tambayar nan ta farko, wadda aka baro a hanya tun da kasuwa ta buɗe.

A 2010 Tomasz Witkowski na ƙasar Poland ya yi musu abin da ya fi kowanne rashin kunya: ya ɗauko jerin maƙalu 315 da su masu NLP suka tara da hannunsu a matsayin hujja. Ya tace waɗanda suka fito a mujallun da masana suka yarda da su, suka rage 63. A cikinsu 33 ne suka gwada abin da ake iƙirari. Shida sun goyi baya, 18 sun saɓa, 9 ba su yanke hukunci ba, kuma ya lura waɗanda suka saɓa ɗin sun fi ingancin tsari. Shekara biyu bayan haka Richard Wiseman da abokan aikinsa suka gwada taswirar ido. Suka ɗauki bidiyon mutane suna ƙarya da masu faɗin gaskiya, suka ƙirga motsin idanunsu. Suka koya wa wasu taswirar, suka ba su aikin kama maƙaryaci. Suka kuma duba bidiyon mutanen da suka fito gaban 'yan jarida suna roƙon a taya su neman ɗan'uwansu da ya ɓace, waɗanda daga baya aka gano wasunsu ƙarya suke yi. Ido bai tona kowa ba. Nan take wasu masu NLP suka ce ai su dama ba su taɓa cewa ido na tona ƙarya ba. A dai wannan shekara ta 2012 Jackie Sturt da tawagarta a Birtaniya suka duba amfanin NLP ga lafiya, suka samu bincike goma kacal da suka isa a duba, suka ce hujja kaɗan ce. Suka kuma gano cewa hukumomin lafiya na gwamnatin ƙasar sun kashe fam sama da 800,000 cikin shekara uku wajen horar da ma'aikata a kai. Kuɗin magani ne da gadon asibiti, amma an yi abin kirki da su: ma'aikata sun koyi harɗe ƙafa.

Da wani ilimin ne ya sha irin wannan duka, da tuni ya gyara ko ya rufe shago. NLP ko gezau, taswirar ido na nan a kan allo yadda aka zana ta tun farko. Wannan shi ake kira tsayawa kan aƙida. Ku dubi Aaron Beck a birnin Philadelphia, wanda a daidai wannan zamani ya zauna yana wahalar da kansa: a 1977 shi da abokan aikinsa suka gwada tasa hanyar jinya da magana kafaɗa da kafaɗa da ƙwayar maganin ciwon damuwa, suka buga sakamakon don duk mai suka ya soka. Ku dubi Lars-Göran Öst a Suwidin, wanda ya nuna ana iya karya matsanancin tsoron abu guda, kamar gizo-gizo ko allura, a zama ɗaya na kusan awa uku, amma sai mai tsoron ya tunkari abin da kansa, mataki-mataki, gumi na karyo masa. Wa zai sayi gumi alhali ga silima ta cikin kai?

Da ƙofar jami'a da ta asibiti suka ƙi buɗewa, sai NLP ta nufi inda ba a tambayar hujja: masu tallar haja, manajojin kamfanoni, masu jawabin zaburarwa. Tony Robbins, wanda ya yi karatu a hannun Grinder, ya fitar da littafinsa Unlimited Power a 1986, ya cika manyan zaure da dubban mutane, ya riƙa sa su taka garwashi ba takalmi don su shaida ƙarfin zuciyarsu. Masana kimiyya, da baƙin halinsu, suka ce garwashin itace ba ya saurin miƙa zafi, ƙafa kuma ba ta daɗewa a kai, saboda haka da zuciya da ba zuciya yawanci za a tsallake. A watan Yulin 2012 a birnin San Jose mutum 21 suka ƙone a ƙafa. Garwashin wannan dare bai halarci bita ba.

Su kansu iyayen tafiyar fa? Mutanen da suka koya wa duniya yadda ake sace zuciyar baƙo cikin minti biyar, waɗanda suka tace Satir mai sasanta iyali, sun raba gari tun wajajen 1980. A 1981 Bandler ya maka Grinder a kotu kan wanda ke da ikon cin kasuwar NLP. A 1996 ya sake shigar da ƙara, a 1997 ya faɗaɗa ta ta haɗa da wasu manyan masu horarwa, yana neman diyyar dala miliyan goma a kan kowannensu. Sai a watan Fabrairun 2000 aka rufe maganar: kotu ba ta ba Bandler gaskiya ba, aka daidaita a kan cewa su biyun ne suka kafa abin. Kusan shekara ashirin ke nan tsakanin ƙarar farko da sulhu, ba wanda ya tuna ya daidaita numfashinsa da na ɗan'uwansa, ba wanda ya matsa wa wani kafaɗa. Masu baƙin baki za su ce in da kura na da maganin zawo da ta yi wa kanta. Ba su gane ba. Ɗaya daga cikin ƙa'idojin NLP ita ce ma'anar saƙonka tana cikin amsar da ka samu, sammacin kotu kuwa saƙo ne da ba ya rasa amsa.

Wannan shari'a ta haifar da alheri mai yawa. Tunda ba wanda ya mallaki haruffan uku, kowa ya mallake su. Ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa, kowace da hatiminta, kowace tana ba da satifiket. Kwas ɗin farko ana gama shi a kwana bakwai a wurare da dama. Wanda ya gama sai ya biya na babban gwani, daga nan ya biya na mai horarwa, shi ma ya kama zauren otal ya fara ba da tasa takardar. Sana'a ce da babban abin da take samarwa shi ne masu koyar da ita. Kuma ba ta nuna bambanci. A 2009 wani mai gabatar da shiri a BBC, Chris Jackson, ya ƙirƙiri takardar bogi ya nema wa kyanwarsa mai suna George rajista a ƙungiyoyi uku na masu irin wannan jinya a Birtaniya, cikinsu har da wata hukumar NLP. Duka ukun suka karɓi George. Wace makarantar likitanci ce ta taɓa nuna irin wannan karamci?

Amma kyauta mafi girma da NLP ta ba duniya ita ce ta gano inda za a ajiye laifi. Ana koya wa ɗalibai cewa babu faɗuwa, sai dai darasi, kuma kowane mutum yana ɗauke da duk abin da yake buƙata a cikinsa. Magana ce mai daɗin ji a zaure mai sanyin na'ura, ana tafi ana rungumar juna. A bi mutum ɗaya gida daga wannan zaure. Ya yi watanni barci ba ya ɗaukarsa sai asuba, abinci ba ya masa daɗi, 'ya'yansa na wasa a gabansa yana kallonsu kamar na wani. Ya biya kuɗi, ya yi kwana bakwai ana saurarensa, ana kiran sunansa, ya fito yana jin kamar an sauke masa dutse, domin kulawa da zama cikin jama'a suna da daɗi ko da wane suna aka kira su. Bayan mako biyu duhun ya dawo. Ya matsa kafaɗarsa, shiru. Ya sake matsawa. To laifin wa? Dabara ba ta faɗuwa, malami yana da satifiket, shi kuma an riga an gaya masa komai na cikinsa. Saura shi. Ya shiga da ciwo ɗaya ya fito da biyu, na biyun kuwa shi ne yarda cewa shi ya ƙi warkewa. Wannan ne ba zan iya yafewa ba, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Ga shi alherin ya iso mu. Tallar kwas ɗin na shigowa wayoyinmu ta Facebook da WhatsApp, da hoton mutum cikin kwat ya harɗe hannu, da jerin haruffa a bayan sunansa. A ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200 amma likitocin ƙwaƙwalwarta 'yan ɗaruruwa ne, inda mai ciwon damuwa yake ɓoye ciwonsa don kada a ce ya haukace, inda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kaduna ko Kware ko Maiduguri yake buƙatar kuɗin mota da ƙarfin hali, me ya fi dacewa da mu irin maganin da ba ya buƙatar likita? Watannin da ya kamata mutum ya yi yana karɓar magani na gaske, sai ya yi su yana mayar da fim baya a cikin kansa. Matashin da ya gama bautar ƙasa ba aiki, sai ya zuba ɗan abin da ya tara ya karɓi takarda, washegari ya fara duba matar da mijinta ya rasu, da yarinyar da aka ci zarafinta, ba tare da wani ya taɓa koya masa alamar wanda ke shirin halaka kansa ba. Shi ma ba mugu ba ne, sayar masa aka yi.

In ya dawo ya ce abin bai yi ba, ba za a kore shi ba, domin masu NLP mutane ne masu haƙuri da fara'a. Za a zaunar da shi, a harɗe ƙafa yadda ya harɗe, a bayyana masa cewa matakin farko kawai ya taka, ainihin sirrin yana kwas na gaba. Ana fara shi wata mai zuwa, kuma akwai rangwame ga wanda ya biya da wuri.